Kada Ku Sayi Kaya Kafin Ku Bi Sawun Wuta

A farkon daminar bana na ziyarci wata ƙungiya, na tarar da motarsu tana kwance a gindin mangwaro. Tsohuwar Peugeot 504 ce a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. An sauke injinta, an zuba mata sabon ringi, an mayar. Sitata tana juya inji sarai, amma mota ta ƙi tashi, gama fulogi ba ya ba da wuta. Kwana tara ke nan, taki yana jira a gari, masara kuwa tana ta yin ja a gona.

Cikin kwanakin nan ma'aji ya fitar da kuɗi sau uku: sabon koyil, sababbin fulogi, sabon batir. Ba wanda ya yi amfani. Ni a ganina komiti ya fi makaniki laifi, domin su ne suka yi ta biya ba tare da sun ce a gwada musu abin da ya mutu ba.

Wuta tana da hanya kamar ruwa a lambu. Daga batir take zuwa makulli, ta shiga koyil, kwantak yana buɗewa yana rufewa, sa'an nan distributa ta raba ta ga fulogi huɗu. Mai lambu idan ruwa bai kai fangali ba, yakan bi kwarkwaro ne ya ga inda ya toshe. Abin bin sawun kuwa ba tsada: ƙwan fitilar mota mai volt 12 da guntayen waya biyu.

A murɗa makulli, a taɓa waya ɗaya a jikin inji, ɗayar a ƙafar koyil mai alamar (+). In fitila ba ta kama ba, laifin yana baya, wajen makulli ko wayar da aka manta ba a mayar ba. In ta kama, sai a koma ƙafa mai alamar (–), wani ya juya inji. Ya kamata fitila ta riƙa ƙiftawa. In ta tsaya a kunne, kwantak ba ya rufewa, ko bakinsa ya yi datti, ko wayarsa ta tsinke. In ta zauna a mace, kwantak ba ya buɗewa, ko siririyar wayar nan tana taɓa ƙarfe. A buɗe murfin distributa kuma a duba ko rota tana juyawa, gama bayan an sauke inji wani lokaci ba a zaunar da ita daidai.

A motar nan fitila ta zauna a mace. Sabon kwantak aka sa, amma ba a saita tazararsa ba, bakinsa a manne. Da sukundireba muka buɗe shi milimita 0.4, muka bi wayoyin fulogi bisa tsarin 1-3-4-2, mota ta tashi kafin matar shugaba ta sauke tuwo. (Ku yi hankali da babbar wayar koyil: a riƙe ta da busasshen itace, nesa da fetur.)

Wani zai ce wannan aikin rewaya ne, me ya haɗa manomi da shi? Gaskiya ne, ba na cewa ku kori makaniki. A sababbin motoci ma babu kwantak, sansa ce ke karanta juyawar inji, gwajinta kuwa sai mai na'ura, ko da yake sau da yawa soket ɗinta kawai aka bari a cire. Amma rewaya yana gari, ku kuna ƙauye, damina kuwa ba ta jira.

Roƙona biyu ne. Kowace ƙungiya ta zaɓi matashi ɗaya, namiji ko mace, ya zauna wajen makaniki ranar da ake kwance inji, yana ɗaura wa kowace waya alama. Ma'aji kuma kada ya sa hannu a sayi wani abu sai an gwada tsohon a gaban mutum biyu na komiti. Tsohon koyil na ƙungiyar nan lafiyarsa ƙalau, yana cikin akwatin marubuci har yanzu.