Sharhi: Takin zamani ya yi tsada, lokaci ya yi da manomin Bauchi zai san abin da gonarsa ke buƙata

A duk lokacin da damina ta kankama, zancen manoma a unguwannin gefen birnin Bauchi irin su Shadawanka, inda gidaje ke ci gaba da cinye filayen noma, ba ya wuce farashin buhun taki da kuma ranar da gwamnati za ta fara rabo. Gonakin masara da dawa da gyaɗa da suka rage a irin waɗannan wurare ƙanana ne, an kuma daɗe ana noma su babu hutu, don haka ba a sa ran ƙarin amfani ta hanyar faɗaɗa fili. Abin da ya rage shi ne a samu hatsi mai yawa daga ɗan filin da ke hannu, wanda hakan ya dogara ne ga irin takin da aka zuba, da yawansa, da lokacin zuba shi, da kuma inda aka sa shi.

Shekaru da dama ana auna nasarar manufofin noma a Najeriya da adadin buhunan da aka raba. A taron taki na Afirka da aka yi a Abuja a shekarar 2006, shugabanni sun yi alƙawarin ɗaga yawan sinadaran takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, amma ba a cimma wannan buri ba. A ƙarshen 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɓullo da shirin taki na Shugaban Ƙasa tare da haɗin gwiwar kamfanin OCP na Maroko, wanda ya farfaɗo da masana'antun haɗa taki, har aka sayar da buhun NPK 20:10:10 a kan naira 5,500. A 2022 aka buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, sannan a watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya miƙa wa Ma'aikatar Noma buhu miliyan 2.15 domin rabawa.

Duk da wannan ƙoƙari, matsakaicin amfanin masara a ƙasar bai yi nisa da tan 2 a hekta ba, alhali ingantattun iri na SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar suna iya ninka hakan fiye da sau biyu idan sun samu kulawar da ta dace.

Wani ɓangare na matsalar lissafi ne mai sauƙi. Shawarar da aka daɗe ana bai wa manoman masara a wannan yanki ita ce kilo 120 na naitirojin, kilo 60 na fosfat da kilo 60 na fotash a kowace hekta. Wannan na nufin kimanin buhu takwas na kamfa 15:15:15 da kusan buhu uku na yuriya. Buhu guda na 20:10:10 kuwa kilo 10 na naitirojin ne kawai a cikinsa. Manomin da ƙarfinsa bai wuce buhu biyu ba ya ba hektarsa kashi ɗaya cikin shida na abin da aka tsara, kuma idan ya watsa shi a saman ƙasa, rana da ruwan sama za su tafi da wani kaso kafin saiwa ta kai gare shi.

Ɗaya ɓangaren shi ne cewa shawara guda ba ta dace da kowace gona ba. Gwaje-gwajen da Cibiyar IITA da Jami'ar Bayero ta Kano suka gudanar a gonakin manoma a jihohin Kano, Kaduna da Katsina ƙarƙashin shirin TAMASA sun nuna cewa naitirojin da fosfat su ne suka fi ƙaranci, yayin da a gonaki da yawa ƙarin fotash bai kawo wani babban sauyi ba. Sun kuma nuna cewa gonaki biyu a ƙauye ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen karɓar taki. Darasin yana da nauyi ga aljihun ƙasa, domin fotash daga waje ake shigo da shi, kuma yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya nuna yadda samunsa kan iya yin wuya. Manomin da ke biyan kuɗin sinadarin da ƙasarsa ba ta nema, yana kuma rasa wanda take nema, ya yi asara sau biyu.

A nan ne noma bisa ma'auni ke shigowa. A Amurka da Turai ana yin sa da taraktoci masu amfani da tauraron ɗan Adam da jirage marasa matuƙi, waɗanda ba su dace da ƙaramin manomi mai rabin hekta ba. Sai dai tushen tsarin ba ya buƙatar waɗannan na'urori. Masu bincike na cibiyar ICRISAT a Sadore ta Jamhuriyar Nijar sun tabbatar da cewa ɗan taki na giram 2 zuwa 6, wato abin da yatsu uku ko murfin kwalbar lemo za su ɗauka, idan aka sa shi a ramin shuka, yana ƙara amfanin gero da dawa sosai a kan kuɗi kaɗan. Ga masara kuwa, raba takin gida biyu, kashi na farko cikin makonni biyu da shuka, yuriya kuma tsakanin mako na huɗu da na shida, a binne shi gefen tushe lokacin da ƙasa ke da laima, ya fi zuba shi gaba ɗaya. Haɗa shi da takin dabbobi, da karɓa-karɓa tsakanin hatsi da waken suya ko gyaɗa, na gyara ƙasa mai yashi tare da rage ƙarfin wuta-wuta.

Jihar Bauchi na da kayan aikin da ake buƙata. Tana da kamfanin haɗa taki na kanta, da Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta BSADP, da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa mai tsangayar aikin gona. Abin da ke da muhimmanci shi ne haɗa su a kan aiki ɗaya: jami'a ta gwada ƙasa ta fitar da taswira, kamfani ya haɗa taki daban-daban bisa wannan taswira, malaman gona kuma su kai shawarar ga manomi cikin harshensa. Ƙasar tuddan Toro ba ɗaya take da jigawar Katagum ko fadamar Jama'are ba, kuma babu dalilin da zai sa a ba su buhu iri ɗaya.

Akwai ƙalubale na gaske. Malaman gona sun yi kaɗan idan aka kwatanta da yawan manoma, gwajin ƙasa yana cin kuɗi, kuma gurɓataccen taki na iya rushe duk wani lissafi, duk da Dokar Kula da Ingancin Taki ta 2019. Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta bayyana aniyar samar da ɗakunan gwajin ƙasa a ƙananan hukumomi 774, amma amfaninsu zai dogara ne ga ma'aikata da sinadaran gwaji, da kuma ko sakamako zai isa hannun manomi kafin ruwan shuka.

Tun bayan ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci a watan Yulin 2023, kuɗin noma ya hauhawa, kuma idan farashin hatsi ya faɗi lokacin kaka, manomin da ya ci bashin taki shi ke kwana a ciki. Saboda haka ya dace gwamnatoci su ware wani kaso na kuɗin tallafin taki domin gwajin ƙasa da horar da malaman gona, su kuma riƙa bayyana yawan hatsin da kowane buhu ya haifar, ba yawan tirelolin da aka raba kaɗai ba.