Haƙƙin Wanda Ya Komo Daga Cin Rani

 Dattawa ba su manta ba, a zamanin En'e ɗan cin rani ba ya barin garinsu sai da takardar harajinsa ƙunshe cikin aljihu, domin in aka tare shi a wata ƙasa bai nuna ta ba, lalle sai ya sāke biya. An soke haraji da jangali a Kano da Kaduna cikin 1979, amma hukuncin takarda bai mutu ba. Cin ranin ne kawai ya ƙara nisa, har ya kai Ingila.

Cikin Fabrairu 2022 Gwamnatin Ingila ta buɗe ƙofa ga baƙi masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Mutanen Nijeriya da na Ghana suka ɗunguma, waɗansu bayan an sayar da gona ko rumfar kasuwa don kuɗin tafiya. Ba a daɗe ba al'amari ya juya. Tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 hukuma ta karɓe izinin ɗaukar baƙi daga hannun masu ba da aiki fiye da 470, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Cikin Yuli 2025 kuma aka rufe ƙofar ga masu nema daga waje. Bisa ƙa'idarsu, wanda aikinsa ya ƙare akan ba shi kwana 60 ya sami wani mai gida ko ya bar ƙasar. Wanda bai samu ba sai ya ɗaure kayansa cikin gaggawa da ɓacin rai, kuma mai gaggawa shi ne mai mantuwa. Sau da yawa abin da ya manta a baya kuɗinsa ne na halal.

Ga yadda abin yake. Shekarar haraji a Ingila tana somawa ran 6 ga Afrilu, ta ƙare ran 5 ga Afrilu mai zuwa. Fam 12,570 na farko da mutum ya samu cikin shekara ba a ɗora musu haraji, abin da ya haura nan ake cire kashi 20 cikin ɗari. To, amma mai ba da aiki ba ya jiran ƙarshen shekara. Yakan raba wannan rangwame kashi 12, ya riƙa cire haraji kowane wata, bisa zaton ma'aikaci zai cika shekara yana aiki. A ɗauka mutum yana karɓar fam 2,000 a wata, aka sallame shi ƙarshen Satumba, ya komo gida cikin Nuwamba. Abin da ya samu cikin wata shida fam 12,000 ne, watau bai kai inda haraji yake somawa ba, alhali kuwa an riga an cire masa wajen fam 190 kowane wata. Jimla wajen fam 1,140 ke nan, kuma nasa ne duka. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da wannan zai yi a matsayin jari.

Hanyar nema ba wuya gare ta ba, sai dai tana bukatar kula. Wajibi ne mai ba da aiki ya ba wanda ya sallama takarda mai suna P45, wadda take nuna abin da aka biya shi da abin da aka cire. Da ita mutum zai cika wata mai suna P85, ya aika wa hukumar harajin Ingila, watau HMRC, ya sanar da ita ya bar ƙasar. Wanda mai gidansa ya karye ko ya gudu bai ba shi P45 ba, kada ya fid da rai, sai ya faɗi dalili, ya kuma adana takardun albashinsa na wata-wata. Akwai wa'adi: shekara huɗu daga ƙarshen shekarar harajin. Haƙƙin shekarar da ta ƙare ran 5 ga Afrilu, 2024, zai faɗi ran 5 ga Afrilu, 2028. Wani tuntuɓen kuma shi ne banki. Akasarin cakin da hukumar take aikawa ba ya shiga sai asusun bankin Ingila, na mai haƙƙin ko na wakilin da ya ambata. Saboda haka wanda ya rufe asusunsa ran tashi ya toshe wa kansa rijiya.

Kuɗin sallama da aka ba wanda aikinsa ya mutu ba a cire musu haraji har fam 30,000, amma ladan kwanakin hutu da na wa'adin sallama hukuncinsu hukuncin albashi ne. Kuɗin fansho da aka riƙa tara masa tare da gudummawar mai aiki suna nan da sunansa har ya kai shekarun karɓa.

Ba kullum ne hukuma take riƙe da haƙƙin mutum ba, wani lokaci shi ne yake riƙe da nata. Wanda ya taɓa ƙananan sana'o'i na kansa bayan aikin albashi, aka umurce shi da cika takardar bayanin shekara, barin ƙasar ba ya sauke masa wannan nauyi. In wa'adi ya wuce tara tana somawa daga fam 100, kana ta yi ta hauhawa yana zaune a Fagge ko Tudun Wada bai sani ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na hukuma ya fi sauran riƙo.

A gida kuma akwai nasa lissafi. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ran 26 ga Yuni, 2025, suka soma aiki ran 1 ga Janairu, 2026. Wanda ya zauna Nijeriya kwana 183 cikin wata 12 mazaunin ƙasa ne, ana duba abin da ya samu ko daga ina ya fito. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, kuma ana kai bayanin shekara ga hukumar haraji ta jiharsa kafin ƙarshen Maris. Tun 1987 akwai yarjejeniya tsakanin Nijeriya da Ingila don kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, amma ba ta amfanin kowa sai mai shaida a rubuce.

Waɗansu sukan ce, wanda ya komo da ransa da lafiyarsa sai ya gode wa Allah, ya bar sauran. Godiya wajibi ce, amma malamai sun fi kowa sanin tozarta dukiya abin hani ne, balle dukiyar da iyali suka ci bashi a kanta. Sun kuma san aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Ya kamata su tuna wa almajiransu da iyayen yara wannan a majalisai. 'Yan kasuwa kuwa, da suka saba da littafin shiga da fita, su taimaki wanda ya komo da kai a sunkuye, su zauna da shi a tattara takardunsa, maimakon tambayarsa abin da ya kawo. A kuma yi hattara da dillalai masu alkawarin karɓo kuɗin su yanki kaso mai tsoka, da masu aiko saƙo ta waya suna neman lambar sirri ta banki, domin cika P85 kyauta ne.

Sa'an nan ya wajaba a kan hukumar kula da mazauna ƙetare da hukumomin haraji na jihohi su keɓe wurin da wanda ya komo zai je a yi masa bayani da harshensa, a buga shi da boko da ajami. Ƙasar da ta yi murna da kuɗin da ɗanta yake aikowa, bai kamata ta kau da kai ran da ya komo hannu sake ba.

Allah Ya mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Ya musanya wa wanda ya rasa aiki da mafi alheri, amin. Haza wassalam.