Zikiri a Cikin Haikalin Wuta: Raddi Ga Masu Kewar Bugun Farko Na Zelda

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, yau maganarmu a kan wani wasan bidiyo take, wanda ya girmi da yawa daga cikinku, wato The Legend of Zelda: Ocarina of Time. Kamfanin Nintendo da ke birnin Kyoto na ƙasar Japan shi ya fitar da shi ranar 21 ga Nuwamba, 1998, domin na'urarsa mai suna Nintendo 64. Kada wani ya ce me ya haɗa mu da wasan yara, domin kuwa a cikin wannan wasa an taɓa sanya ambaton Allah a inda bai kamata ba, kuma yau fiye da shekara 25 ana ta yawo da labarin a intanet, kowa yana lanƙwasa shi yadda ya yi masa daɗi.

Ga wanda bai san wasan ba, labarin wani yaro ne mai koriyar riga da ake kira Link, wanda ya taso a daji ya fita domin ceton ƙasar Hyrule da gimbiyarta Zelda daga hannun wani azzalumi mai suna Ganondorf. A tsakiyar labarin yaron ya zare wani takobi, ya yi barcin shekara 7, ya farka yana saurayi ya tarar ƙasar ta zama kufai. Yana da wata 'yar sarewa da yake busawa ƙofofi su buɗe ko dare ya koma rana. Shigeru Miyamoto ne ya jagoranci aikin, Koji Kondo ya tsara kaɗe-kaɗensa. An sayar da kimanin kaset miliyan 7.6 a kan wannan na'ura kaɗai, kuma shafin Metacritic mai tattara ra'ayoyin masu sharhi ya ba shi maki 99 cikin 100. Ba na musun gwanintar da aka zuba a cikinsa, wanda duk ya musa to bai san abin ba ne. Hukuncin zama a gaban wasa da sauraron kiɗansa kuwa, wannan fagen malamai ne, ba shi na zo tattaunawa ba.

A cikin ramin wani dutse mai aman wuta akwai wurin da ake kira Haikalin Wuta. Duhu ne da narkakken dutse da ɗakunan kurkuku, inda aka tsare mutanen wata ƙabila ana jira a ciyar da su ga wani dodo mai siffar maciji, Volvagia. A bugun farko na wasan, idan ka shiga wannan wuri za ka ji ganga tana bugawa a hankali, sannan muryar namiji ta taso daga nesa tana maimaita wasu kalmomi da amsa-kuwa. Masu jin Larabci da suka saurara sun tsinkayi sunan Allah a ciki, lafazi ne na zikiri irin na Musulmi. A bugu na baya sai aka cire muryar, aka maye gurbinta da wani amo na na'ura wanda babu kalma ko ɗaya a cikinsa.

To, a nan ne ƙarya ta samo gindin zama. Shekara da shekaru masoya wasan a ƙasashen Turawa suna faɗa wa junansu cewa Musulmi ne suka tayar da jijiyar wuya, suka yi ta ƙorafi har Nintendo ya ji tsoro ya lalata kiɗan. Ka duba ƙarƙashin kowane bidiyo na wannan sauti a YouTube, za ka tarar da masu zagin Musulmi da cewa sun ɓata musu abin ƙaunarsu. Alhali kuwa kwanakin wata sun ƙaryata su. Kowane bugu na wasan yana ɗauke da ranar da aka kammala haɗa shi a cikin kaset ɗin, kuma masu tone-tone sun gano cewa bugun da aka gyara, wanda ake kira 1.2, an gama shi ne tun kafin wasan ya shiga kasuwa a Japan ko Amurka. Abin da ya sa tsohon sautin ya isa hannun jama'a shi ne an riga an buga kaset-kaset masu yawa na farko, aka sayar da su a haka. Wane Musulmi ne ya kai kuka a kan abin da ko ganinsa bai yi ba tukuna? A wannan bugu dai aka mayar da jinin da Ganondorf yake amayarwa daga ja zuwa kore. Shi ma Musulmi ne suka nema?

Gaskiyar al'amari ita ce Nintendo yana da tsohuwar ƙa'ida ta nisantar alamomin addinai a wasanninsa, kuma da Kiristanci ya fara. A Zelda na farko da ya fito a Japan a 1986 akwai wani littafi da jarumin yake samu wanda sunansa Baibul, da aka kai wasan Amurka a 1987 sai aka sauya masa suna zuwa littafin sihiri. Ban taɓa jin an kwashe shekara 30 ana zagin Kiristoci a kan wannan ba. Amma da yake mu ne, an karɓi zargin ba tare da neman hujja ba, domin ya dace da hoton da aka riga aka zana mana na mutanen da ba su da aiki sai fushi.

Wannan ke nan game da su. Wanda ya fi damuna shi ne namu. Akwai 'yan kaɗan da ke cewa da gangan Nintendo ya yi domin cin zarafin Musulunci. Su ma ba su da hujja, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat ta hore mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane, ba ta ware Bajapane ba. Amma mafi yawa, kuma su ne dalilin wannan rubutu, su ne matasan Musulmi da suke murna da abin. Za ka ga yaro ya tura wa abokansa sautin yana cewa ku ji, ashe akwai zikiri a cikin wasan da ya fi kowane wasa a duniya! Wani ma har yana tayawa a yi kukan cire shi, yana cewa tsohon ya fi daɗi, ya fi ratsa jiki, yana neman bugun farko ya sauke a wayarsa. Masu tara kayan tarihi suna farautar kaset ɗin farko mai launin zinare, shi kuma ɗan'uwanmu yana ganin wannan wata girmamawa ce aka yi wa addininsa.

Ɗan'uwa, ka san ta wace hanya muryar ta shiga wasan? Babu wanda ya je wurin wani malami ya nemi izini, babu wanda ya tambayi ma'anar kalmomin. A shekarun 1990 masu haɗa kiɗa suna sayen faya-fayan CD da aka tara guntayen sautuka a ciki, kukan tsuntsu da ƙarar ƙofa da ihun mace da waƙoƙin ƙabilu, mutum ya tsinci abin da yake so kamar mai sayen kayan miya a kasuwa. Masu bin diddigi sun gano wannan murya a wani faifai mai suna Voice Spectral na kamfanin Best Service da ke Jamus. Ma'ana, wani ya naɗi muryar wani bawan Allah yana ambaton Ubangijinsa, ya yanka ta, ya ba ta lamba, ya jera ta cikin kayan sayarwa. Bayanin da Nintendo ya bayar daga baya shi ne ma'aikatansa ba su san abin da muryar take faɗa ba. Na yarda da su, kuma wannan yarda ita ce ta fi ciwo. An saurari kalmomin da muke tashi da su muke kwana da su, waɗanda muke fatan su zama ƙarshen maganarmu a duniya, sai kunnen mai sauraro ya ji wani baƙon gunaguni mai tayar da tsikar jiki, ya ce wannan zai dace da kurkukun dodo. Da wurin farin ciki aka nema wa sauti, da ba a ɗauko ta ba. Ina girmamawar take a nan?

Sannan ka tuna duniyar da aka jefa ta ciki. A labarin wasan, wasu alloli mata guda 3 ne suka halicci ƙasa da doka da rayuka, kuma ana nuna maka wannan filla-filla tun farkon tafiya. Tatsuniya ce, na sani, babu Bajapanen da yake musu sujada. Amma mai murna ya tambayi kansa, shin yana jin daɗi a ce sunan Wanda ba Shi da abokin tarayya ya zama ado a bangon gidan tatsuniyar alloli uku, yana ta maimaituwa yayin da mai wasa yake tura dutse yana faɗawa wuta yana tsaki yana sake gwadawa? Aya ta 204 a Suratul A'araf ta koya mana ladabin sauraro da yin shiru idan ana karatun Alkur'ani, kuma duk wanda ya tashi a gidan Musulmi ya san ko takarda ce mai sunan Allah ba a barin ta a ƙasa. Cire muryar nan shi ne abu mafi dacewa da aka yi a duk wannan labari, ko da kuwa don kare kasuwa aka yi shi.

Kuma abin bai tsaya a kan Zelda ba. A farkon 2003 kamfanin Microsoft ya janye wasan dambe mai suna Kakuto Chojin daga kasuwa saboda karatun Alkur'ani da aka samu cikin kiɗansa. A 2008 kamfanin Sony ya jinkirta fitar da LittleBigPlanet saboda wata waƙa da ke ɗauke da lafuzzan Alkur'ani, kuma abin lura, mai waƙar Musulmi ne ɗan ƙasar Mali, marigayi Toumani Diabaté. Wannan na ƙarshe ya isa ya nuna mana cewa sakaci da alfarmar kalmomin nan ba ciwon baƙi kaɗai ba ne.

Saura maganar jinjirin wata da tauraro. A dukkan bugun Nintendo 64 wannan alama tana kan garkuwar madubi da jarumin yake samu, da kan wasu duwatsu da maɓallai, a matsayin tambarin wata ƙabila mai suna Gerudo. Sai da aka sake fitar da wasan a na'urar GameCube a 2002 da 2003 aka sauya ta. Wannan bai tayar mini da hankali kamar na farko ba, domin jinjirin wata ba alama ce da Allah ko ManzonSa (SAW) suka shar'anta ba. Tutocin da aka ruwaito daga zamanin Manzo baƙa ce da fara, alamar wata kuwa ta yaɗu ne ta hanyar Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi ba ta Sakkwato ba. Abin tambaya shi ne su wane ne aka liƙa wa tambarin.

Gerudo mutanen hamada ne masu duhun fata da jan gashi da dogon hanci, matansu suna rufe rabin fuska suna riƙe da lanƙwasassun takubba, kuma sana'ar da wasan ya ba su ita ce sata. Dukkansu mata ne, sai bayan shekara 100 ake haifa musu namiji ɗaya ya zama sarki, kuma wannan namijin shi ne Ganondorf, sarkin ɓarayi. Karon farko da za ka gan shi a fada, ta taga za ka hango shi durƙushe gaban sarkin Hyrule yana mubaya'ar yaudara, a ƙarshen wasa kuma ya rikiɗe ya zama wata dabba mai kama da alade. A ɗaya gefen ga jarumi da gimbiya, farare tas masu shuɗayen idanu. Ba Japanawa ne suka ƙago wannan hoto ba, sun gaje shi ne daga finafinan Amurka da tatsuniyoyin Turawa game da Larabawa. Adalci ya sa in faɗa cewa akwai Nabooru, mace daga cikinsu da ta bijire wa Ganondorf ta zama cikin masu ceto, kuma a wasan Breath of the Wild na 2017 an nuna ƙabilar da mutunci da jarumta, da gari da kasuwa da shugabanci. Sai dai yaron da ya yi wasan 1998 yana ɗan shekara 10 bai jira 2017 ba kafin ya koyi yadda mugu yake kama da kuma ɓangaren duniyar da yake fitowa.

Wannan shi ne abin da masu zagi da masu murna duk suka tsallake. Suna ta jayayya a kan sautin 'yan daƙiƙoƙi a ɗaki guda, sautin da mafi yawan masu wasan ba su ma san mene ne ba, alhali darasin da kowane yaro ya fahimta ba tare da tafinta ba yana nan daram. Lokacin da Nintendo ya sabunta wasan domin na'urar 3DS a 2011, an gyara zane da launi, babu muryar zikiri, babu jinjirin wata, amma idan Link ya ƙetare gada ya shiga cikin gine-ginen sansanin mutanen hamada, sunan da yake bayyana a kan allo har yanzu shi ne Maɓoyar Ɓarayi.