Kafin A Zagi 'Yan Mishan, A Tambayi Wa Ya Hau Dutsen

Duk lokacin da aka ji cewa wani ƙauyen Maguzawa ko wata ƙabila ta kan dutse ta karɓi Kiristanci, amsarmu ɗaya ce, a majalisa ko a Facebook: "Ai saye su aka yi, an yaudare su da magani da makaranta." Sai a ja tsaki, a yi Allah ya isa, a watse. Maganar tana yi mana daɗi domin tana wanke mu tas. Ni kuwa ina ganin ragwanci ne muka naɗa wa rawani.

Gaskiya ne wa'azi ya kawo 'yan mishan, kuma ba su taɓa ɓoyewa ba. Tun 1893 da Rowland Bingham da abokansa biyu suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa, manufarsu a fili take. Dakta Miller, wanda ya zauna Zariya tun 1905, bai ce wa kowa allura kaɗai ya zo yi ba. Mai addini ya kira mutane zuwa addininsa ba abin mamaki ba ne, mu ma da'awa muke yi. Abin dubawa shi ne halin da suka tarar da mutanen a ciki.

A ɗauki kuturta. A da, kuturu kwanonsa daban, shimfiɗarsa daban, mazauninsa bakin kasuwa da ƙoƙon bara. A shekarun 1930, da amincewar sarakuna da hukumomin En'e, aka damƙa wa mishan ɗin SIM asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A can ne wata nas za ta durƙusa gaban mutumin da danginsa suka guje shi, ta wanke masa gyambo, ta ɗaure da bandeji, gobe ta sake. Wanda aka yi wa haka, in zuciyarsa ta karkata, wa za a tuhuma? Mai wanke gyambon, ko mai toshe hanci ya wuce?

Da magani yana sayen imani, da tuni an gani. Asibitin ido na cocin ECWA yana Kano tun 1943. Alhazai da malamai nawa aka cire wa yanar ido a can, suka koma gida da carbinsu a hannu? Asibitin mishan na Galmi a Nijar yana aiki tun 1950, marasa lafiya na tururuwa har daga Najeriya, amma yankin har gobe kusan kowa Musulmi ne. Inda mutane suka sauya addini da yawa, galibi wuraren da aka daɗe da yin watsi da su ne. Maguzawa sun yi ɗaruruwan shekaru a gefen Kano da Katsina da Zariya, harshenmu ɗaya, jininmu ɗaya. Mai karɓar haraji ya san hanyar gidajensu sarai. Malamin makaranta da mai magani ne suka ɓata hanya. Mun kira su arna, wasunmu ko ruwa ba sa sha a gidajensu, sannan muka yi fushi da baƙon da ya zauna ya ci tuwonsu, ya koya wa 'ya'yansu karatu.

Aikin kuma ba na banza ba ne. Mishan ɗin Wusasa ya fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Zazzaɓin Lassa da muke tsoro yau ya samo sunansa ne daga garin Lassa da ke Borno, inda wata nas ta mishan ta kamu da shi a 1969, ta rasu. Mayaudari ba ya ba da ransa a ƙauyen da babu kwalta.

A 1986 labarin mutanen Koma na tsaunukan kan iyakar Kamaru ya cika jaridu, aka yi ta ɗaukar hotunansu kamar abin kallo. Da hayaniya ta lafa, 'yan mishan na cikin waɗanda suka ci gaba da hawa dutsen da allo da akwatin magani. Masu ƙorafi a birni kuwa, nawa ne suka taɓa kwana ɗaya a can?

Iyaka tana nan, ba a musu. Duk wanda ya hana majinyaci magani sai ya bar addininsa, ko ya ɗauke yaro ba da yardar iyayensa ba, ya aikata laifi, a kai shi kotu ko wane ne shi. Haka nan makaranta da asibiti hakki ne a kan gwamnati tun kafin kowa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Attajiranmu na gina masallaci a jikin masallaci a cikin birni, suna zuwa Umara duk shekara, alhali a ƙauyen da ke bayan garinsu mace na mutuwa wajen naƙuda a kan amalanke. Muna da zakka, muna da wakafi, kuma ƙungiyoyi irin su FOMWAN sun nuna cewa Musulmi na iya riƙe makaranta da asibiti.

Saboda haka, malamai, ku rage tsinuwa a kan mumbari, ku ƙara kira ga taimako. Masu hali, ku gina ɗakin shan magani da aji biyu a ƙauyen da babu, ku biya malami da ungozoma albashin da zai zaunar da su. Matasanmu likitoci da malaman jinya, ku karɓi aikin karkara in an tura ku. Wanda bai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ya kama bakinsa ya bar masu aiki su yi.