Mumbari Ba Dandalin Kamfe Ba Ne

Duk lokacin da guguwar zaɓe ta taso a Bauchi, magana ɗaya ce ke yawo daga majalisun Wunti zuwa rumfunan kasuwar Muda Lawal: a zaɓi namu, a ceci addini. Musulmi na faɗin ta a ƙofar masallaci, Kirista na faɗin ta a harabar coci. Ta yi kaka-gida har wanda ya yi tambaya a kanta ake masa kallon mai raunin aƙida. Ni dai ina ganin wannan ra'ayi ɓata ne. Ya cuci talaka, kuma addinin da ake cewa ana karewa shi ya fi kowa shan ƙazantarsa.

Ba ina cewa mutum ya ajiye imaninsa a gida ranar zaɓe ba. Mai imani ba ya iya haka, kuma bai kamata ya iya ba. Abin tambaya shi ne me addinin ya ce a duba a wurin shugaba. Kowane ɗalibin hadisi ya san cewa Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya nemi muƙami a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka hana shi, aka bayyana masa cewa shugabanci amana ce mai nauyi, shi kuma yana da rauni a wannan fanni. Wa ya isa ya yi shakkar tsoron Allahn Abu Zarri? Duk da haka taƙawarsa ba ta wadatar ba. Haka kuma da azabar Kuraishawa ta yi tsanani, ƙasar Habasha aka tura sahabbai, wurin Najashi, sarki Kirista a lokacin, saboda ba a zaluntar kowa a gabansa. Ma'aunin addini ke nan: amana, adalci da iya aiki. Masu cewa a duba sunan ɗan takara kawai sun riƙe sunan addini sun yar da ma'auninsa.

A Bauchi ma maganar ba ta da ƙafar tsayawa. Daga Ahmadu Adamu Mu'azu a 1999, zuwa Isa Yuguda, zuwa Mohammed Abdullahi Abubakar, zuwa Bala Mohammed, duk gwamnonin da muka yi Musulmi ne, manyan abokan karawarsu ma haka. An ƙaddamar da Shari'a a jihar nan tun 2001. Amma har yau Bauchi na cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, almajirai na bin gidajen abinci da robobi, 'yan sara-suka sun sha hana unguwanni barci. Da addinin shugaba kaɗai yana gyara ƙasa, da tuni mun wuce wurin. Da yake duk 'yan takarar Musulmi ne, sai dillalan wannan ra'ayi suka matse zancen: wannan na Izala ne, wancan na Ɗariƙa ne, wane ya gina masallaci, wane ya ba malam kujerar Makka, wane ya raba gero da sukari da azumi. Ba mai tambayar inda kuɗin suka fito. Sau da yawa kuɗin maganin asibiti ne da haƙƙin 'yan fansho aka naɗe a takardar sadaka.

Zaɓen 2023 ya isa darasi. An shafe watanni ana ta da jijiyar wuya a kan tikitin Muslim-Muslim na Bola Tinubu da Kashim Shettima. Wasu malamai sun mai da shi jihadi, wasu limaman coci sun mai da shi yaƙin ƙare dangi. Ana cikin wannan hayaniya, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi kowannensu ya fito fili ya ce zai cire tallafin man fetur. Mumbari nawa ne ya tsaya ya tambaye su yadda talaka zai rayu bayan haka? Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ɗan acaɓa Musulmi a Jahun da mai sayar da kayan miya Kirista a Yelwa farashi ɗaya suke biya. Jiki magayi.

Akwai kuma hasarar da ta fi ta aljihu. Dattawanmu ba su manta da watan Afrilun 1991 ba, lokacin da rikicin Tafawa Ɓalewa ya fantsamo cikin garin Bauchi aka rasa rayuka masu yawa. A watan Afrilun 2011, bayan sanar da nasarar Goodluck Jonathan a kan Muhammadu Buhari, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa sama da mutum 800 aka kashe a jihohin Arewa cikin kwana uku. A jiharmu, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka kawo aikin zaɓe, baƙin da ke ƙarƙashin amanarmu. Wanda ya gaya wa jahili cewa zaɓe yaƙin addini ne, to ya gaya masa cewa faɗuwa zaɓe faɗuwar addini ce, kuma ya san abin da zai biyo baya.

Za a ce: idan mu ba mu zaɓi namu ba, ai su nasu za su zaɓa. Wannan tsoro shi ne jarin ɗan siyasa maras abin nunawa. Da zarar ya tabbata ƙuri'arka tasa ce saboda alƙibla ɗaya kuke kallo, ya daina jin tsoronka, ya daina yi maka aiki. Kai ka sayar da ikonka, shi kuma ya samu lasisin cin amana.

Abin takaici, Bauchi ta san hanyar da ta fi wannan. A garin nan Malam Sa'adu Zungur, masanin addini na gaske, ya zauna da su Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa a shekarun 1940 suna muhawara a kan mulki. Iliminsa na addini ya sa shi tuhumar masu iko, Musulmi 'yan'uwansa, a kan zalunci. A 2007 talakawan Bauchi sun kayar da ɗan takarar gwamnati mai ci, suka hana Mu'azu kansa kujerar sanata. A 2019 sun sauke gwamna mai ci. A duka biyun aiki aka auna, domin addinin 'yan takarar ɗaya ne.

Kirana ga malamanmu da limaman coci: ku koya wa mabiya siffofin shugaba nagari, ku bar ambaton sunaye a kan mumbari. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kamfe a wuraren ibada, amma mutuncinku ya kamata ya riga doka hana ku. Malamin da ya karɓi mota yau ba zai iya ɗaga murya gobe ba. Mu kuma masu zaɓe, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙuri'a shaida ce, kuma za a tambaye mu a kanta. Kafin ka dangwala, tambayi abin da mutumin ya yi da amanar da aka taɓa ba shi, nawa ya shigo hannunsa, ina ya kai su, wa ya zalunta. Wanda ya kasa amsa waɗannan, ka hana shi ƙuri'arka ko da a sahu ɗaya kuke sallah.