Tsutsar Akwatin Kifin Teku: A Tantance Kafin a Kashe

Duk mai kiwon kifin teku da murjani a akwatin gilashi, wata rana zai haska fitila da dare ya ga tsutsa mai ƙayoyi tana fitowa daga ramin dutse. Abin da yakan fara zuwa zuciya shi ne a hallaka ta. Wannan gaggawar takan yi wa akwatin illa fiye da tsutsar kanta.

Mafi yawan tsutsotsin nan 'yan dangin Polychaeta ne, kuma suna shigowa a ɓoye cikin dutsen da ake ɗebowa daga teku da halittunsa. Abincinsu ragowar abincin kifi ne da gawar duk abin da ya mutu. Ruɓewar waɗannan ke haifar da amoniya, wadda ke kashe kifi, don haka tsutsar shara take yi kyauta. Idan ta yi yawa har ta cika akwati, alama ce mai shi yana zuba abinci fiye da kima. A rage abincin, a tsotse dattin da ya kwanta cikin yashi, adadinta zai ragu da kansa.

Akwai dai waɗanda ba a yi musu uzuri. Tsutsar wuta, Hermodice carunculata, wadda ta yawaita a tekun Karibiyan, naman murjani take ci, kuma fararen ƙayoyinta kan karye cikin fata su bar raɗaɗi. Akwai kuma dangin Eunice, masu ƙarfin muƙamuƙi. A 2009, ma'aikatan gidan kifi na Blue Reef da ke Newquay a Ingila sun daɗe suna ganin murjani a yayyage da kifi da rauni, sai da suka wargaza duwatsun akwatin suka iske tsutsa mai tsawon fiye da mita 1. Irin waɗannan sai a cire su, ko da tarko mai ɗan abinci a ciki da dare, ko a fitar da dutsen da suke ciki gaba ɗaya, kuma da safar hannu.

Wani zai ce me ya hana a zuba magani a huta. Amsar tana cikin labarin jar tsutsa mai faɗi ta dangin Convolutriloba. Idan ta mutu da yawa lokaci guda takan saki guba cikin ruwa, gubar kuma tana iya kashe kifin da ake neman ceto. Shi ya sa ake fara tsotse mafi yawanta da tiyo, a tanadi gawayin tace ruwa da sabon ruwan gishiri, sannan a sa magani. Sayo kifi ko ƙaguwa mai cin tsutsa ma ba tabbas ba ne, domin sukan juya kan ƙananan halittun da ake so. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Saboda haka, hanyar da ta dace ita ce a san irin tsutsar kafin a yanke mata hukunci, a killace kowane sabon dutse ko murjani a wani akwati dabam na 'yan makonni, a kuma daidaita ciyarwa. Murjani yana da tsada, girmansa kuma a hankali ne, bai kamata a yi asararsa don tsoron tsutsar da ke masa aiki ba.