Ra'ayinmu: Allurar kwance tsoka sai a hannun masu lasisi

Suleja gari ne na masu nema. Ma'aikacin da ke sammako ya ratsa cunkoson Madalla da Zuba zuwa Abuja, da ɗan acaɓa, da ɗan dako a Kasuwar IBB, da telan da ke wuni a kan keke, duk sun san ciwon wuya da kafaɗa da ƙugu. Yawancinsu kemis suke nufa, su sayi ƙwaya su haɗiya, gobe su koma.

Yanzu wata hanyar ta ɓullo a asibitocin gashi na Abuja, kuma abin da ya shiga Abuja ba ya daɗewa bai iso Suleja ba. Siririyar allura ce wadda ba a ɗura mata magani. Likitan gashi zai lalubo ƙullin da tsoka ta yi, ya soka allurar a ciki, tsokar ta zabura sannan ta saki. Janet Travell, likitar Shugaba Kennedy na Amurka, ita ce ta shahara da nazarin waɗannan ƙulle-ƙulle. A 1979 kuma likita Karel Lewit na ƙasar Cekoslobakiya ya nuna cewa sukar allurar kanta na rage zafi ko da babu ruwan magani.

Masu goyon baya suna da hujja. Bincike ya nuna mutane da dama na samun sauƙi na kwanaki ko makonni, musamman a wuya da kafaɗa. Hanyar da aka saba bi kuwa tana da nata sharrin. Yawan shan diclofenac da ibuprofen na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Binciken shan ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Duk abin da zai raba mai ciwo da wannan tarko ya cancanci a dube shi.

Masu ɗari-ɗari ma ba su yi kuskure ba. Sauƙin bai cika ɗorewa ba, kuma ba a tabbatar allurar ta fi motsa jiki da gashi amfani ba. Idan aka zurfafa ta a saman kafaɗa ko tsakanin haƙarƙari, tana iya huda huhu. Idan aka maimaita allura ɗaya ga mutum biyu, an buɗe ƙofa ga ciwon hanta da ƙanjamau. Sannan ba kowane ciwon baya ne na tsoka ba. Wanda ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, zai iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Wanda ya tsaya ana sukarsa alhali gwaji yake buƙata, garin neman gira zai rasa ido.

Matsayinmu shi ne a yarda da wannan allura, amma bisa sharaɗi. Kada kowa ya riƙe ta sai likitan gashi mai rajista da hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa don kula da wannan sana'a, wanda kuma ya sami horo a kan allurar. Mai kemis da mai tausa da wanzami ba huruminsu ba ne, komai ƙwarewarsu a nasu fannin. A fara da gano asalin ciwon, a haɗa allurar da atisayen ƙarfafa tsoka da gyaran yadda ake zama da ɗaukar kaya.

Majiyyaci ya nemi ganin lasisi, ya tabbatar an ɓare sabuwar allura a gabansa. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a fara. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi bayan an gama ya garzaya asibiti nan take.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja ta ƙara likitocin gashi da kayan aiki a Babban Asibitin Suleja, ta kuma sa ido kan masu buɗe shago da sunan wannan magani. Muddin talaka bai sami ƙwararre a kusa ba, kuma a kuɗin da zai iya biya, hannun ɗan damfara zai faɗa.